Attaruhu a Ƙarshen Layi

Hannu na fara gani, a ɗage sama. Ina tafe daga gidanmu a Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni wajen mai ba da hayar littattafai, na ɓoye littafi na biyu a cikin hijabina ina sauri in karɓo na uku, sai na ga ƙofar wani gida a buɗe. A tsakar gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, 'yan mata da samari sa'o'ina sun yi da'ira a kan tabarmi, maza gefe, mata gefe. Wata yarinya ce tsaye a gaban allo da alli a hannunta. A cikin mazauna tabarmar kuwa akwai wata babbar mace mai tabarau, sa'ar Ummata, ta ɗaga hannu tana jira yarinyar ta ba ta izinin magana. Yarinyar ba ta kula ta ba sai da ta kai ƙarshen abin da take faɗa, matar kuwa ta ci gaba da riƙe hannun har ya fara rawa.

Kafin in ƙifta ido kaina ya gama haɗa labari. Na ce wannan hamshaƙiyar attajira ce ta ɓad da kama, ta shigo cikin yara tana neman 'yarta da aka sace tun tana jaririya. Ina cikin zaɓar wadda za ta zama 'yar sai matar ta juyo.

"Ke 'yar nan, shigo ko ki wuce. Kin tare mana iska."

Na shiga. Ashe ita ce malamar, ita ce kuma mai makarantar.

Shekarata goma sha biyar a lokacin, kuma na kusa shekara rabona da aji. A tsohuwar makarantarmu a layin baya nake zama, littafin soyayya a tsakiyar littafin Lissafi. Ajin ya cika har taga, babu malamin da ya san sunana sai ranar bulala. Da aka ce in maimaita aji na ce ba zan koma ba, na kwanta ciwon ƙarya, na tashi na ci gaba da karance-karancena. A duniyar da nake ciki a lokacin, duk wanda ya yi shiru wani sirri yake ɓoyewa, duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu ƙaddara ce ta iso.

Ranar da gudu na koma gida, ko littafi na ukun ban karɓo ba. Baba direba ne a wata ma'aikata, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya saurare ni ina ta zuba, ya je da kansa ya ga wurin, ya dawo ya kira ni gaban Umma.

"Makaranta babu benci, babu bulala, yara na koyar da malama," in ji shi. "To. Zango ɗaya na ba ki. Sun ce suna ranar iyaye a ƙarshensa. In na je ban ga abin da kika koya da idona ba, kin gama boko. Ki zauna ki kama wa Ummanki ɗinki."

Na ce na yarda. Da ya ce mako ɗaya ma zan yarda.

Ba mu kai talatin ba, kuma dukkanmu waɗanda karatu ya taɓa kuɓuce wa ne. Wasu suna zuwa da safe, waɗanda ke koyon sana'a da safe kuma su zo bayan azahar. A jikin bango akwai dokoki da ɗalibai suka rubuta da hannunsu, kowace shekara a zauna a sake su. Wadda ta fi ba ni dariya kan malamai ta hau: an hana su cewa "kun gane?", domin kowa "e" yake cewa. Sai dai malami ya ce, "wa zai faɗa mana da bakinsa?" In Malama ta manta ta ce "kun gane?", sai ajin gaba ɗaya ya yi ihu, ta dafe kai ta ce, "Na tuba." Kowane mako kuma kowa yana da minti goma sha biyar nasa shi kaɗai da ita, a kan wani benci a gindin bishiyar mangwaro. Ba darasi ake yi a nan ba. Tambaya take yi, ta yi shiru, ta jira ka.

A kan bencin nan littafi ya zamo daga hijabina ya faɗi a ƙafarta. Na runtse ido. Ta ɗauka ta duba bangon, ta ce in ara mata. Bayan kwana biyu ta dawo min da shi.

"Na karanta. Me ya sa yarinyar nan take suma kowane shafi goma? Ba ta cin abinci ne?"

"Malama, so ne!"

"To Allah ya tsare mu. Amma ni ma na kasa ajiye shi, har miyata ta kama. Ki nemo min daidai wurin da kika kasa ajiyewa, ki zo ki gaya min me marubuciyar ta yi miki a wurin."

Ban taɓa sanin ana tambayar littafi haka ba. Na koma na bi shi layi-layi kamar mai tsintar shinkafa, na zo na tsaya gaban allo na yi wa aji bayanin yadda ake yanke babi a bakin ƙofa, kafin a ga wanda ya ƙwanƙwasa. Ranar Malama ta ɗaga min hannu sau biyu. Da na fito ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Babban abin da ake nuna wa iyaye shi ne aikin zango. Kowa zai zaɓi mutum ɗaya a unguwa mai sana'ar hannu, ya bi shi, ya fitar da lissafi da kimiyya daga sana'arsa, sannan ya rubuta labarinsa. Akwai sharaɗi guda da ba ya cikin dokokin bango, domin ba a canza shi: duk abin da ka rubuta a kan mutum, sai ka koma ka karanta masa a gabansa. In bai amince ba, ba za a karanta shi ranar iyaye ba.

Ni tuni na san wadda zan zaɓa. A wani lungu bayan gidanmu akwai wata mata mai injin markaɗe, kowa Mama yake ce mata. Kirista ce, iyayenta 'yan Kudu, da sarƙa mai gicciye a wuyanta. In injin yana ruri sai ka ga leɓenta yana motsi tana rera wata waƙa da yarensu, idonta a can nesa. Na je na gaishe ta na ce zan rubuta labarinta, ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Na tsaya kamar minti goma ina kallon idon nan. Na ga duk abin da nake buƙata.

Cikin kwana uku na cika shafi goma sha biyu. Na sa ta taso a wani gari na bakin teku, 'yar sarkin masunta, mai lallausan yatsu. Na sa wani kyakkyawan matuƙin jirgin ruwa ya yi mata alkawari, guguwa ta tafi da shi. Na sa ta hawo jirgin ƙasa zuwa Kano da hawaye, ta sayi inji don ƙararsa ta rufe kukan zuciyarta. Da na karanta a da'ira, 'yan mata uku suka yi hawaye na gaske, samari suka tafa. Na dubi Malama ina jiran kambuna.

"Ya yi daɗi ƙwarai," in ji ta. "Ranar Alhamis ki kai mata."

Na kai mata da la'asar, lokacin da layi ya yi sauƙi. Mama ta kashe inji, ta goge hannu a zaninta, ta kifa bokiti ta zauna. Mata biyu da suka kawo kayan miya suka tsaya saurare. Na gyara murya na fara. A shafi na farko ta karkata kai. A na uku ta ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yata. Wace ce wannan?"

"Ke ce, Mama."

"Ni? Teku?" Ta dubi matan nan. "Kun ji fa. Ni da a Sabon Gari aka binne cibiyata! Ruwan da na sani ya fi girma shi ne wanda ke taruwa a bakin titin nan da damina. Ci gaba, in ji wa ya mutu."

Na ci gaba muryata na raguwa. Da na zo kan matuƙin jirgi, ɗaya daga cikin matan ta zauna a ƙasa don dariya.

"Mama, ashe kina da wani kafin maigidanki? Bari ya dawo!"

"Rufa min asiri," in ji Mama. Ta miƙo min hannayenta biyu, duk kanta, bayan ɗaya da tabon inda bel ɗin injin ya taɓa fizgarta. "Ga lallausan yatsun. Waƙar nan kuma da kika ce ta baƙin ciki ce, ta godiya ce, a coci muke yin ta. Idona ba nesa yake kallo ba, layi nake ƙirgawa." Ta daina dariya. "Labarinki ya yi kyau, amma ki nemo mai shi. Kada ki tsaya gaban mutane ki ce ni ce. 'Ya'yana a unguwar nan suke."

Saura mako uku ranar iyaye.

Washegari na zauna a bencin mangwaro na yi kuka har da shessheƙa. Na roƙi Malama ta bar ni in canza sunan sana'ar in karanta shi a matsayin ƙagaggen labari. Ta ce wannan zan iya yi a wani zangon, kuma za ta zauna a gaba ta saurara, amma aikin wannan zangon mutum ne mai rai.

"Malama, tun a da'ira kin san ƙarya ne. Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Da na gaya miki, da kin ce ban san so ba. Tambaya nawa kika yi mata?"

Na kama wasa da gefen hijabina.

"Nawa?"

"Ko ɗaya."

Ta ɗauke min zaman safe na mako biyu. Ta ce in riƙa zuwa wurin Mama da sassafe, kwana uku na farko ko biro kada in riƙe. In zan yi tambaya, in tambayi abin da idona ya gani kawai. Na ce in Mama ta kore ni fa? Ta ce sai in dawo mu yi wata shawara, amma in fara da ba ta haƙuri.

Mama ba ta kore ni ba. Ta nuna min bokiti ta ce in dai zan zauna, to in riƙa miƙo ruwa.

Ranar farko ban ga komai ba sai ƙara da jiƙewa. Rana ta biyu na lura da wani abu. Robobi da bokitai suna jere a jikin katanga, amma Mama ba ta bin wanda ya riga zuwa. Wata ta zo tun da duku-duku da kayan miya, ta zauna tana ƙunƙuni, wasu da suka zo bayanta aka sallame su. Rana ta uku na gane tsarin, zuciyata ta buga kamar na kai shafin da ake tona asiri. Gero na koko shi ne farko. Sai wake na ƙosai da alala. Sai tumatir da albasa. Duk abin da ke da attaruhu kuwa, komai sammakonsa, shi ne ƙarshe.

"Mama, me ya sa attaruhu yake ƙarshe?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yau kika zo," in ji ta.

Ta ce yaji ba ya fita daga inji da ɗauraya ɗaya. Ya kan laɓe tsakanin faifan ƙarfen da ke niƙa, sai an kwance an wanke da sabulu. Injin na mahaifiyarta ne asali. Tana budurwa wata rana aka bar mata shi, ta ji tausayin wata mai sauri ta markaɗa mata attaruhu, sannan ta zuba geron gidan suna. Aka dama kunu aka raba wa unguwa. Ta ce har mai jego sai da ta yi tari, mahaifiyarta kuwa ta bi gida-gida tana ba da haƙuri. Tun ranar ko gwamna ne ya kawo attaruhu zai jira.

Na kai wannan da'ira da gudu. Malamin kimiyya ya sa aka kawo attaruhu, muka shafa a cokula, muka wanke wasu da ruwa zalla, wasu da sabulu, wasu da mai, muka ɗanɗana muna hawaye muna dariya, har muka gano da bakinmu cewa abin da ke yajin ya fi bin mai a kan ruwa. Na auna ƙafafun da bel ke zagayawa da zaren ɗinkin Umma, babba da ƙarama, na lissafa sau nawa ɗaya ke juyawa in ɗayar ta juya sau ɗaya. Ni da Lissafi! Da ya fito daidai sai da na yi guɗa a tsakar makaranta.

Amma babban abin a mako na biyu ya zo. Kullum da hantsi wani dattijo gajere mai tabon walda a riga yakan leƙo, ya ajiye wa Mama shayi a kan katanga, ya ce, "A yi min nawa da wuri, ina sauri," ta ce, "Ka jira," su yi dariya ya wuce, alhali babu abin da ya kawo. Na tambaya, tunda idona ya gani.

Mijinta ne. Ta ce yana saurayi ya fara kawo attaruhu a 'yar roba, wai na yayarsa. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya, ya zauna a kan dutsen can awa biyu yana kallon inji. Ta sha gaya masa ya riƙa zuwa da hantsi, ya ce sammako ya saba. Wata huɗu ana haka. Ranar nan yayar tasa ta zo da kanta da wake, Mama ta ce mata, "Gidanku kuna shan yaji, Allah." Matar ta ce su da likita ya hana mijinta yaji shekara biyu ke nan.

"To ina yake kai shi, Mama?"

"Almajiran walda yake bai wa, har suka roƙe shi ya bari. Ya duba layin nan ne tsaf ya ga wanda ya fi daɗewa a zaune."

Na ajiye bokitin. Duk littattafan da na karanta, babu wanda ya taɓa kawo min irin wannan. Yana bayan gidanmu tun kafin a haife ni, ni kuwa na tafi har teku.

Na rubuta shafi biyar. Na kai mata na karanta. Ta gyara min wuri huɗu. Na ce idanunsa kamar taurari, ta ce in goge. "Ba shi da kyau, kada ki yi masa ƙarya. Ki ce yana da haƙuri." Da na kai ƙarshe ta share ido da gefen zani ta ce hayaƙin inji ne, alhali injin a kashe yake. Sannan ta ce, "Wannan ni ce. Je ki karanta."

Ranar iyaye tsakar gidan ta cika har ƙofa. Baba ya zo sanye da kayan aikinsa, ya zauna a kujerar gefe ya harɗe hannu. Ban san Mama za ta zo ba, sai ga ta da ɗaurin ɗankwalinta na Lahadi, mijin yana biye. Na fara da zaren Umma da lissafin bel a kan allo, na sa iyaye uku suka ɗanɗana cokula. Sannan na karanta. Da na zo kan yayar da likita, wurin ya fashe da dariya, mutane suna waiwayen mai walda, shi kuwa ya miƙe ya ɗaga hula. Mama ta ce da ƙarfi, "Wata biyar ne, na tuna yanzu!" Malama daga kan tabarma ta ce, "Marubuciya, kin ji gyara." Na ciro biro na gyara a gaban kowa.

Na saci kallon Baba. Bai yi dariya ba, allon yake kallo.

A cikin adaidaita muna komawa gida titi kawai yake kallo har muka wuce kasuwar Tarauni. Na riga na fara tunanin keken ɗinki. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lissafin nan na bel, a mota ma haka yake?"

Na ce ina jin haka ne, amma sai na auna.

"Ranar Asabar ki zo da zarenki in buɗe miki gaban mota. Yaushe za ku koma makaranta bayan hutu?"

Na faɗa masa da ƙarfin da ya sa mai adaidaita ya waiwayo. Shekara uku na yi a makarantar nan, daga can na zana jarrabawar gama sakandare.

Mama tana nan. Bayan rasuwar mijinta 'ya'yanta sun so ta huta, ta ƙi. Yanzu inji uku gare ta a wata rumfa a Darmanawa, mata uku ke yi mata aiki, biyu daga cikinsu zawarawa. Kunnenta ya tafi, sai ka yi ihu kafin ta ji gaisuwa. Bara na kai mata ziyara na same ta a kujerar roba a tsakiyar rumfar, ta cire takalmi ta dafa ƙasa da tafin ƙafa. Muna cikin magana ta ɗaga yatsa, ta nuna injin ƙarshe, ta ce a kashe shi, wata ƙusa ta saki. Aka kashe aka duba, haka ne. Ta mayar da ƙafarta ƙasa ta ce in ci gaba da abin da nake faɗa, amma in ɗaga murya.